Sauran Nonon Kulu

Kulu ta buga katakon motar har hannunta ya yi tsami, direba bai tsaya ba. Ita kaɗai ce a baya, bisa audugar kamfanin Turawa, kuma bututun hayaƙi ya gasa katakon da ke ƙarƙashin buhunan har yana ƙauri.

Sai ta tsoma gyalenta cikin nonon da za ta kai kasuwar Wurno, ta danne wurin da shi. In ya bushe ta ƙara. Tafin hannunta ya yi bororo, ba ta ɗaga ba.

Bayan Rabah, Mainasara direba ya tsaya, ya ga nono na tsiyaya.

"Ke Bahillata, mi kinka yi ma audugar kamfani?"

"Malam, wuta za ta kama. Zo ka taɓa."

"Sabka! Ki taka da ƙafa!"

Ta sauka da gyalenta da ƙwaryarta.

Motar ba ta yi nisa ba bayanta ya kama. Sai ga Mainasara a guje, ba hula.

"Inna, don Allah, da sauran nono?"

"Akwai," in ji Kulu.

Ta kafa kai ta shanye, ta miƙa mishi ƙwaryar.