Layi Na Ƙarshe a Tofa

Saura layi ɗaya. Haka Hajiya Sa'adiyya, shugabar sashen, ta faɗa wa Muntaka ranar Litinin, tana ƙwanƙwasa allon kwamfuta da bayan biro.

Wata bakwai ke nan kamfanin wayar yana kwashe kiran jama'a daga tsohuwar na'ura zuwa sabuwa, mai bi da murya ta intanet. Muntaka ne injiniyan da aka danƙa wa yankin Tofa, tunda ɗan can ne, can kuma yake kwana. Ya zaga ƙauyuka a babur har ƙugunsa ya gaji da kuka. Ya sauya wa mutane sim a ƙofar masallaci, a bakin gonar gero, a gindin mangwaro. Tsofaffi sun tambaye shi sau ɗari ko sabon layin zai shanye musu kati, shi ma ya rantse sau ɗari. Dokar kamfani kuwa ɗaya ce: ba a kashe tsohuwar na'ura sai layin ƙarshe ya bar ta.

"Sunan mace ne a rajista, wai Aina'u Dabo," in ji Hajiya. "Ba ta ɗaga kira, ba ta amsa saƙo. Kullum bayan asuba sai ta kira wata lamba da ta shekara uku a kashe, ta saurari sanarwar na'ura, ta katse. Wannan ai neman wahala ne."

"Daƙiƙa tara," in ji Muntaka.

Hajiya ta duba allon. Taran ce kuwa. Ta ce shi ya sa take son aiki da tsofaffin hannu.

Amma yabon bai hana ta gindaya masa wa'adi ba. Alhamis da hantsi za a kashe na'urar, ko an sami matar ko ba a same ta ba, hedikwata ta ba da izini. In ba a same ta ba, za a rubuta cewa yankin Muntaka ne ya riƙe aikin har wata guda, ga shi kuwa ƙarshen shekara ake tace ma'aikata.

Ya miƙe zai fita, sai ya juyo ya tambaya ko za a iya ɗauke tsofaffin sanarwoyin a zuba a sabuwar na'ura. Hajiya ta yi dariya. Ta ce sabuwa da muryarta ta zo, ta kwamfuta. Ta kunna masa ya ji. Wallahi Hausar kamar ta mai tauna dankali da zafi. Ya ce ba laifi, ya ɗauki hularsa.

Talata ya fita nema, in har wannan sunansa nema. Ya sauka wajen wani mai unguwa, suka gaisa, suka yi maganar ruwan bana da tsadar taki, ya sha fura, ya hau babur. Laraba ma haka. Da yamma ya rubuta wa Hajiya cewa ba a dace ba.

A ofis babu wanda ya yi mamaki. Tun rasuwar matarsa, Maman Tahira, shekara uku da suka wuce, Muntaka ya yi sanyi. Mutumin da a da yake hawa eriya yana raha, yanzu ko gaisuwa sai ya ja numfashi kafin ya amsa. Duk sun je masa ta'aziyya a lokacin. Sun san dai tana karanta tallace-tallace a wani gidan rediyo, sun kuma san ta da Maman Tahira, don shi irin mutanen da ne, ba ya kama sunan iyalinsa a gaban jama'a. Suna tausayinsa, suna kuma tsokanarsa a kan 'yar rakani-kashin da yake ajiyewa a aljihun ƙirji, ɗaure da roba, wai injiniya guda da wayar tsofaffi. Yakan ce tocilarta yake so.

Alhamis ta yi. Ya buɗe ɗakin na'ura da ke gindin eriyar Tofa, zafi ya buge shi. Tsohuwar tana ta gunjinta, fitilunta suna ƙiftawa. Shekara goma sha ɗaya yana goge mata ƙura. Ya zauna a kan wani fanko, ya ji gajiyar wata bakwai ta sauko masa gaba ɗaya, har da wadda ta girme ta.

Da hantsi Hajiya ta kira shi a babbar wayarsa.

"Malam Muntaka, kana wurin? To bismilla, kashe."

"Ranki ya daɗe, a ba ni minti ɗaya."

Ya ji ƙarar madannan kwamfutarta. Can sai ta ce, "Ikon Allah. Ga Aina'un nan tana kira yanzu, yau har sau biyu. Kamar ta sani."

"A bari ta gama," in ji shi.

Hannunsa na dama yana kan makunnin, babbar wayar maƙale tsakanin kunnensa da kafaɗa. Na hagu kuwa ya manna rakani-kashin a ɗaya kunnen, robar tana gogar kuncinsa. Ya taɓa naɗar muryar a babbar waya, amma naɗi daban, wanda za ka kira ya amsa maka daban. Ya rufe ido, ya ƙirga daƙiƙa tara, yana sauraron Aina'u Dabo, Maman Tahira, tana faɗa masa karo na ƙarshe, da muryar da kamfani ya naɗa tun tana amarya: "Wanda kake kira ba ya kusa, ka sake gwadawa an jima."