A Bakin Tsohuwa

Saura kwana shida Lubabatu ta kare kundin digirinta na uku, Farfesan da aka gayyato don duba kundin ya dawo mata da shi da tambaya ɗaya cikin jan biro: "Wace ce Tsohuwa? Kawo sunanta, ko ki sake shekara."

Shekara huɗu ta yi tana bin rubuce-rubucen marigayi Injiniya Bashir Illo, wanda aka ɗauka ya ba Yelwa ruwa, shi kuwa ya ba garin littattafan tarihi uku. Ruwan dai sai ranar da ya ga dama, tarihin ne bai taɓa ɗaukewa ba. Wane sarkin ruwa ya tsere ya bar matansa a tsibiri da tafkin Kainji ya fara cika, wace zuri'a ta sayi asali da bandar kifi, duk Injiniya ya sani. Kowane babi kuma da layi ɗaya yake rufe shi: "Na samo wannan a bakin Tsohuwa."

Lubabatu ta yi wa matar nan shafi sittin. Ta kafa hujja cewa jinin sarautar Gungawa ce, mazauna tsibiran yankin, har ta caccaki Injiniya da laifin danne sunan mace. Yelwa kuwa sau ɗaya ta taɓa zuwa, shi ma biki. Yanzu tsoro ya kama ta sosai, ta hau mota ba shiri.

A ofishin ruwa aka haɗa ta da Samuel, dattijon da ya yi shekara talatin yana riƙe wa Injiniya sifana.

"Baba, ko ka san inda aka binne Tsohuwa?"

"Binne? Wa yac ce maki ta mutu, ɗiyata? Tana nan. Sai dai tari, kuma in ba da sassafe ba, ba a samun komi wurinta."

Lubabatu ta kusa yin guɗa. Ta sayi turmin atamfa da goro, ta cika rikoda da caji.

Gari na wayewa Samuel ya bi da ita ta bayan kasuwa. Tun daga nesa ta hango mata sun yi cincirindo, kowace da bokitinta, ana ta tone-tonen asalin mutane kamar ana sussukar gero. Abin ya taɓa zuciyarta: ashe har hidima suke zuwa yi wa baiwar Allah. Ta cire takalmi, ta gyara mayafi, ta durƙusa da atamfa a hannu.

"Baba, wacce ce a cikinsu?"

Samuel ya ratsa matan, ya dafa wani ƙarfe mai tsatsa da ke ta tari yana tofo ruwa.

"Ga ta nan, famfon farko da munka kafa a Yelwa. Nan bakinta Injiniya ka zama da biro kullum safe, yana rubuta tsegumin masu ɗibar ruwa."