Ragon Bankwanan Dakta

"Shi ne babba, shi zai tafi," in ji Baba. "Magana ta ƙare."

"Baba, ni na ci jarrabawar kimiyyar nan. Shi sai a zama na uku ya haɗa sakamako."

"Ka dai ji ni."

Na ji shi. Shanun Baba ba za su kai mutum biyu Masar karatun likita ba, sai aka zaɓi Yaya. Tun biza ba ta fito ba mutanen garinmu Rano suka fara ce masa Dakta. Ya sayi farin gilashi, ya daina cin tuwo da hannu.

Ranar walimar bankwana aka kayar da rago a tsakar gida. Baba ya ce matafiyin ne zai riƙe ƙafafu, don albarkar ta bi shi. Wuƙa ta wuce, jini ya feso masa a shadda. Dakta ya dubi hannunsa, ya sulale ƙasa kamar buhun dusa.

Ni na yayyafa masa ruwa, ni na feɗe ragon. Ina goge wuƙar na dubi Baba.

"Wai su mutanen Masar ɗin, ba su da jini ne?"