Manomin Gindin Gawo

Ya'u bai ƙarasa shan shayinsa ba ranar da ya fara jin waƙar. A teburin mai shayi na tashar Safana wani ɗan kabu-kabu ɗan'uwansa ya kunna ta a waya, kuma tun baitin farko ya gane muryar matarsa Zuwairatu.

*Mai tsohuwar malafa, sannu da aiki,*
*Raɓa ta san ka tun gari bai waye ba.*
*Kantar hannunka ta fi zoben mai mulki,*
*Ba ka taɓa miƙa shi don ka roƙa ba.*

A walimar makarantar matan aure ta rera ta, wata ta ɗauka a waya, shi ke nan ta zagaye gari. Mutanen teburin sai gyaɗa kai suke. Wani dattijo ya ce a sake maido wurin kantar hannu, domin shi dai ba a taɓa faɗin darajar manomi ta ratsa shi haka ba. Ana ta yi wa Ya'u barka, shi kuwa yana murmushin dole.

Ya'u ya daɗe da jingine fartanya. Tun da ya sayi babur, hannunsa ya yi laushi, malafa kuwa bai taɓa mallaka ba. Duk wanda ake yabo a waƙar nan, ba shi ba ne. Baitin ƙarshe ne ya fi damunsa:

*Manomin gindin gawo na Babban Duhu,*
*Ni dai ban ga namijin da ya kai ka ba.*

Babban Duhu garin su Zuwairatu ne. Can kuma Ɗanjummai yake, babban manomin da ya nemi aurenta kafin Ya'u ya kasa shi. Sai Ya'u ya tuna da geron da ke zuwa gidansa duk kaka daga wurin surukarsa, Inna Hansai. Tun da mijinta ya rasu ake cewa dangi ne ke noma mata. Waɗanne dangi? Ashe tuwon Ɗanjummai yake ta ci yana lashe hannu!

Da ya koma gida ko sallamar kirki bai yi ba.

"Wane ne mai malafa?"

Zuwairatu ta ci gaba da tankaɗe. "Waƙa ce fa, Malam."

"Waƙa ba ta noma. Gaya mani sunanshi."

"An roƙe ni kar in faɗa, na kuma yi alkawari."

"To in Juma'a ta zo ban ji sunan ba, ki haɗa kayanki."

Ta ɗago ta dube shi, idonta ya ciko, ta koma kan tankaɗenta. Wannan ya fi waƙar ƙona masa rai.

Ya so ya kai ƙara wurin Inna Hansai, sai dai ina bakin? Suruka ce. Tun da ya auri 'yarta, in ya je gaisuwa daga bakin ƙofa yake tuɓe takalmi ya tsuguna, ido a ƙasa. Fuskarta ma ba zai iya siffanta ta ba. Abin da ya sani nata bai wuce muryarta ƙasa-ƙasa ba, sai ƙafarta ta hagu mai karkataccen ɗan yatsa da yakan ƙura wa ido har a gama gaisawa. Mutum ba ya kai irin wannan magana gaban irin wannan ƙafa.

Kwanakin nan bai yi aikin kirki ba. Duk fasinjan da ya ɗauka sai wayarsa ta rera masa matarsa tana yabon wani. Abin haushin, waƙar ta yi daɗi. Ya kama kansa yana bin ta a baki a kan hanyar Batsari, ya yi tsaki har fasinja ya tambaye shi ko lafiya.

Ranar Alhamis da asuba ya hau babur ya nufi Babban Duhu. Gara ya gani da idonsa kafin ya rubuta saki.

Bai sha wahalar samun gonar ba. Ga gawon can ya zubar da ganye kamar yadda yake yi da damina, ga mutum a ƙarƙashinsa sanye da tsohuwar malafa da koɗaɗɗiyar riga, a duƙe, shi kaɗai. Ya'u ya ɓoye babur ya tsaya yana kallo. Kunyoyi a miƙe, gero ya yi kore shar, ba ciyawa ko ɗaya. Mutumin ba ya sauri, ba ya kuma tsayawa. Duk abin da waƙar ta faɗa gaskiya ne, kuma hakan ya ƙara masa zafi. Ya dai lura rigar ta yi wa mai ita yawa, har ya ji daɗi a ransa cewa Ɗanjummai ya rame.

Ya ratsa cikin geron da takalminsa, yana tattaka shuka da gangan.

"Kai mai malafa! Ɗago mu ga wanda ya fi maza!"

Fartanya ta tsaya. Mai malafar bai juyo ba, sai ma ya ƙara jan malafa ya rufe fuska, kamar mai neman ƙasa ta tsage ya shige.

Ya'u ya sha gabansa yana huci, ya miƙa hannu zai fizge malafar. Garin haka idonsa ya sauka ƙasa, inda gefen rigar marigayi surukinsa ya ƙare, kan wata ƙafar hagu mai karkataccen ɗan yatsa, kuma kafin ya san abin da yake yi ya tuɓe takalmi ya tsuguna.