Agwagin Baba

"Yi shiru, kar ki kore su," in ji Baba, yana leƙen tafkin ta madubin hangen nesa.

Tun da sanyi ya shigo, yana idar da sallar asuba sai ya nufi bakin ruwa, wai kallon baƙin agwagin da ke zuwa daga ƙasashe masu nisa. Ga tsufa, ga tari. Shi ya sa yau na biyo shi, da niyyar raba shi da wannan fita.

Agwagi kam sun cika tafkin. Amma na lura ba ruwan Baba yake kallo ba, kuma sai murmushi yake.

"Baba, kawo in gani mana."

"Ai ba ki iya ba."

Na karɓe, na duba inda yake dubawa. Can a ɗaya gaɓar, wata mata ce riƙe da nata madubin, tana ɗago hannu.

Mama ce. Mama da suka rabu tun ina firamare!

Baba ya gyara zaman hularsa. "Kar ki gaya wa yayyenki tukuna. Ita ma wai agwagi take zuwa kallo."