Abin Wuya Mai Layi Biyu

Kin tambaye ni yadda jaririn nan ya ɗauko kunnen kakanki Malam, alhali bai taɓa ganinsa ba. To, gyara goyonki ki ji.

Wata mata ce ta gaji abin wuya na duwatsu daga uwarta. Layi biyu ne, an murɗe su kamar tubkar igiya. Launin duwatsun huɗu kacal, kuma kowane dutse yana fuskantar abokinsa na ɗaya layin: ja babba ba ya zama sai da fari ƙarami, baƙi babba sai da ɗorawa ƙarama. Allah Ya ba matar nan tagwaye mata, aka kuma sa bikinsu rana ɗaya. Kowacce ta sa ido a kan abin wuyan. In ta ba Hassana, Usaina za ta tafi ɗakinta da ciwo a zuci, in kuma ta sayo sabo a kasuwa, ai ba na kaka ba ne. Har 'yan biyun sun fara cin tuwo kowacce da kwanonta. Ran nan da hantsi uwar ta shimfiɗa tabarma, ta yi bisimilla, ta warware murɗin a tsaye, daga wannan kai zuwa wancan, ba ta tsinke ko layi ɗaya ba. Ta miƙa wa kowacce layi guda da ƙoƙon sababbin duwatsu, ta ce, "Kada ku tambaye ni tsarin. Ku tambayi tsohon layin."

Suka zauna shiryawa. Inda tsohon ya nuna ja, sai a sa fari, inda ya nuna ɗorawa, sai a sa baƙi. Usaina da ɗokin lalle ta haɗa ja da baƙi, manya biyu wuri ɗaya. Uwar tana bi da babban yatsa, ta ji ƙulu, ta zare, ta mayar da fari, tana dariya. Kafin la'asar ga abin wuya biyu a kan tabarma, ba mai iya bambance su, kowanne rabinsa na kaka, rabinsa sabo. Da yamma kwano ɗaya suka ci.

Haka Ubangiji Ya shirya zaren gado a cikin ƙwayoyin jikinmu, wanda likitoci ke kira DNA. Layi biyu ne a murɗe, haruffansa huɗu, kowanne da abokinsa. In ƙwaya za ta rabu biyu, sai zaren ya buɗe, kowane gefe ya faɗi abin da za a jera masa, ga kuma mai bi yana cire kuskure. Ta nan kunnen Malam, mahaifina, ya biyo ta jikina, ya biyo ta naki, ya iso kan yaron nan da ke barci a bayanki. Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya tsara. Dama Hausawa sun ce, kowace ƙwarya da abokiyar burminta.