Durƙuson Sharhabil

Ƙaton babur ɗin shiga daji na Sharhabil ya yi ƙiiii a wani layin Kurmin Mashi. Sai ga Sharhabil a ƙasa kan gwiwoyinsa, daidai gaban Alhaji Ila, mahaifin budurwarsa Nafisat, mutumin da ya ce ba zai ba ɗan babur 'yarsa ba.

"Ba... barka da yamma, Baba."

Alhaji ya dubi babur ɗin yashe a bakin kwata. "Ka yar da wannan dukiyar don ka gaishe ni? Ashe kana da tarbiyya. Turo magabatanka."

Washegari bakanike a Mando ya ce, "Birkin baya ne ya cije ya kayar da kai. In canza?"

"Bar shi tukuna," in ji Sharhabil. "Saura kawunta."